Wakilin Suna Marar Magabaci a Harshen Kwamfuta

A Lugu, in aka ce "ta fito", ba a tambayar wace ce. Muhallin magana ya riga ya nuna Sarauniya. Kwamfuta ba ta da wannan gata. A harshen C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙiro wajen 1972, mazubin da aka raɗa wa suna ba tare da an zuba masa ƙima ba tamkar wakilin suna ne marar magabaci: duk tarkacen da ya tarar a ma'adana, shi zai ɗauka.

Tafintan da ke mayar da shiri zuwa harshen na'ura, irin GCC, yakan yi gargaɗi, amma galibi sai an umurce shi ya tace shirin don ƙarin sauri, domin a lokacin ne yake bin sawun kowane mazubi. Saboda haka shirunsa ba shaida ba ne.

A ganina, mu da ke rubuta ƴan shirye-shiryen ƙirga kalmomi ya kamata mu kunna tacewar, mu kuma fahimci gargaɗin kafin mu taɓa komai. A 2006 wani mai kula da Debian ya cire layi biyu daga OpenSSL don Valgrind ya daina irin wannan ƙorafi. Sai a 2008 aka gano cewa makullan sirrin da aka ƙera a tsakanin ba su wuce kimanin 32,000 ga kowane nau'i ba.