Ba Waya Ce Ta Kashe Sana'ar Hoto Ba

Akwai wata magana da masu ɗaukar hoto ke yawan faɗa, a Ɗambatta da sauran garuruwanmu: wai waya ta kashe musu kasuwa, yanzu kowa mai hoto ne. Ni dai ban yarda ba. Abin da waya ta kashe shi ne mai hoton da ya iya abu ɗaya tak, ya zauna a shago yana jiran a zo fasfo, ko a kira shi biki ya wanko hotuna ya baza a kan tabarma. Wannan kam zamaninsa ya wuce, gara a gaya masa gaskiya.

Ku duba yadda shekara take tafiya a wajenmu. Garin manoma ne, kuɗi na shigowa da kaka. Bayan an yi girbi bukukuwa su taso, kafin azumi ma a yi ta rububin ɗaurin aure, sai Sallah. Da damina ta sauka kuwa, kowa ya zuba abin hannunsa a taki da ƙwadago, sai ka yi sati uku babu wanda ya neme ka. Wanda ya dogara da biki kaɗai, a waɗannan watannin ne yake sayar da kyamararsa, ya ce sana'ar ba ta da albarka. Alhali aikin yana nan, ya dai canja kaya ne.

Je ka kasuwar Ɗambatta ranar Lahadi, ka shiga kara. Dillalai da yawa yanzu ta WhatsApp suke nuna wa mai saye sa ko rago, musamman gab da layya, kuma yawancin hotunan da suke turawa abin tausayi ne: an ɗauka da tsakar rana, an tsaya daga sama, dabba ta fito kamar ta shekara ba ta ƙoshi ba. Kai da ka san ka durƙusa daidai tsayin dabbar, ka bar rana a bayanka, ka haɗa da ɗan bidiyo na daƙiƙa 20 tana tafiya, ai ka samu abokin ciniki. Haka tela da mai ɗinkin hula da matar da ke sayar da turaren wuta daga cikin gida. Ga ɗaliban Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da bikin kammala karatu da hotunan aikin gwaji a gona. Ga manoman rani a Dam ɗin Thomas. Ga saukar Alƙur'ani a Islamiyyu. Kowanne da irin hoton da yake so, kuma ba a lokaci guda suke buƙata ba, wanda shi ne amfanin abin.

In kana ganin hoton karkara ba ya kai mutum ko'ina, ka tuna Sani Maikatanga na Kano. Hoton ambaliyar ruwa a Auyo ta jihar Jigawa ne ya ba shi matsayi na ɗaya a gasar Wiki Loves Africa ta 2023. Ita kuwa Fati Abubakar ta Maiduguri aikin jinya ta karanta, amma hotunan rayuwar yau da kullum da ta riƙa sakawa a Instagram da sunan Bits of Borno, a tsakiyar rikicin Boko Haram, su suka sa duniya ta san ta. Babu ɗayansu da ya je Turai neman abin ɗauka.

To, sai maganar faɗuwa, don babu mai hoton da ba ta same shi ba. A sace kyamara, ko ta faɗa ruwa, ko ƙurar hunturu ta shige mata. Wannan asarar kuɗi ce, ana farfaɗowa. Waya mai kyamara mai kyau za ta riƙe ka a aikin kasuwa da na 'yan kasuwa har ka tara na wata, in ka koyi gyara da Snapseed ko Lightroom, bidiyo kuma da CapCut.

Faɗuwar da ba a cika tashi daga ita ba ita ce ɓatar da hotunan mutane. Memori ya lalace bayan ɗaurin aure, ko a ɗauke wayar da komai ke ciki. Biki ba a sake shi. Kuma a gari irin namu da kowa ya san kowa, kafin la'asar labari ya kai har Makoɗa da Kazaure cewa wane ya zubar da hotunan bikin 'yar wane. Wallahi na fi jin tsoron wannan a kan satar kyamara sau goma. Maganinsa kuwa ba tsada. Ranar da ka dawo daga aiki, kafin ka kwanta, hotunan su kasance a wuri uku: a memorin, a kwamfuta ko filashi, sannan a intanet. Kowane asusun Google yana zuwa da gigabait 15 kyauta, sai dai ka sani Gmail da Drive da Google Photos duk a cikinsa suke ci, don haka ka buɗe asusu na aiki daban. Kada ka goge memori sai mai aiki ya karɓi kayansa ya ce ya gani. Kuma ka daina sayen memori mai arha a bakin titi wanda aka rubuta masa girman da bai kai ba. In ya fara ba ka matsala sau ɗaya, jefar da shi.

Wani abin da ke zubar da mutuncin masu hoto ba su sani ba: ka sha wahala ka gyara hoto, ka tura ta WhatsApp yadda aka saba, manhajar ta matse shi. Mai aiki ya kai a wanke masa babba, ya fito dishi-dishi, ya ce ba ka iya ba. Ka riƙa turawa ta wajen Document, hoton zai isa da ingancinsa. Data za ta ɗan ci, ka saka ta cikin kuɗin aiki.

Kuɗin aikin ma a yi maganarsa tun farko. “Ai ɗan gida ne, ma daidaita” ta durƙusar da masu hoto da yawa. Ka karɓi rabi kafin ka fito, ku rubuta a saƙo hoto nawa ne da ranar bayarwa. Kuma kada ka saka hoton amarya ko na matan mutane a shafinka don talla sai da izinin masu shi. Sau ɗaya za ka yi hakan a rufe maka ƙofar gidaje.

Wannan ya kawo ni kan gurbin da har yanzu yake a buɗe. Kamu, sa lalle, wuni, suna, duk taron mata ne a cikin gida, kuma magidanta da dama ba sa son namiji ya shiga da kyamara. Yarinyar da ta iya ɗauka da gyara, ta kuma iya riƙe amanar hotuna, ba ta da abokin gogayya sosai a nan. Mai shagon hoto da ke kukan babu kasuwa, in yana da ƙanwa ko mata mai sha'awa, ya koya mata, ya ba ta tsohuwar kyamararsa. Shi yana waje wurin ɗaurin aure, ita tana ciki wurin mata, biki ɗaya kuɗin aiki biyu.