Manyan Tayoyi: Kwalliyar da Ake Biyan Kuɗinta a Gidan Mai

Duk mai leƙa TikTok ko Instagram ya saba ganin bidiyon Hilux ko Land Cruiser da aka ɗaga, aka sa mata tayoyi masu faɗi da manyan haƙora, tana keta yashi a saharar Dubai. Yanzu wannan yayi ya iso gida. A titunan Dutse da kan hanyar Shuwarin zuwa Kiyawa za ka ga motocin da aka sauya wa ƙafa, wasu da tayar shiga daji, wasu kuma ƙananan motoci ne irin Corolla da Accord da aka ɗora wa rim mai inci 18. Ba musu, suna da kyan gani. Amma ra'ayina shi ne, ga wanda yawancin tafiyarsa a kan kwalta take, babbar taya haraji ce da ya ɗora wa kansa, kuma zai riƙa biyan sa a kowace kilomita.

Kafin ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Zuwa Oktoban 2024 ta haura naira 1,000 a gidajen mai da dama. Ɓarnar man da a da ba a damu da ita ba, yanzu aljihu yana jin ta.

Mu fara da lambobin da ke jikin taya, domin da yawa ba su san ma'anarsu ba. Hilux da yawa suna zuwa da 265/65R17. Lamba ta farko faɗin taya ce da milimita. Ta biyu tsayin gefenta ne, wato kashi 65 cikin ɗari na faɗin. Ta ƙarshe girman rim ne da inci. In ka lissafa, tsayin wannan taya daga ƙasa zuwa sama kusan milimita 776 ne. Wadda masu son girma suka fi komawa, 285/70R17, ta kai kusan milimita 831. Bambancin ya kai kashi 7 cikin ɗari. Amma abin da cikin motar ya ƙara nisa da ƙasa rabin wannan ne kawai, kusan milimita 27, bai kai faɗin yatsu biyu ba. Wannan ɗan tsayin shi ne ribar. Ga kuma abin da za ka biya.

Na farko nauyi. Tayar daji ta fi ta kwalta kauri da nauyi, kuma nauyin taya ba kamar buhun gero a bayan mota ba ne. Buhu tura shi kawai inji zai yi, taya kuwa sai ya tura ta, ya kuma juya ta. Duk lokacin da ka tsaya a shataletale ko a shingen jami'an tsaro ka sake tashi, sai inji ya ƙona ƙarin mai kafin waɗannan ƙafafu huɗu su ɗauki gudu.

Na biyu gogayya da hanya. Taya tana lotsewa a inda ta taɓa ƙasa, ta miƙe, ta sake lotsewa, kuma wannan yana mayar da ƙarfin inji zafi. A ƙaramar mota, kusan kashi ɗaya cikin biyar na man da take sha a nan yake tafiya. Manyan haƙoran tayar laka suna motsi a kan kwalta, shi ya sa kake jin gurnaninsu tun daga nesa. Wannan ƙara ba kyauta ba ce, fetur ne. Lamarin ya kai Tarayyar Turai ta wajabta, tun 2012, a manna wa sababbin tayoyi takardar da ke nuna matsayinsu wajen shan mai.

Na uku iska. Mota mai tsayi da faɗin ƙafa ta fi tokare iska, kuma in gudu ya ninka biyu, turjiyar iska ninkawa huɗu take yi. A kan tagwayen hanyar Kano zuwa Maiduguri, wadda ta ratsa Shuwarin da Kiyawa ta nufi Azare, inda direba ke sake ƙafa, a nan wannan asara ta fi yawa.

Na huɗu giya. Kamfani ya auna giyar mota ne da tayar da ya sa mata. In taya ta ƙara tsayi, motar tana yin nauyin tashi, kamar keken da aka fara tuƙawa a babbar giya. Direba sai ya ƙara taka totur, mota mai giyar otomatik kuma ta riƙa sauka tana hawa. Wasu na cewa babbar taya tana rage juyin inji a doguwar tafiya. Gaskiya ne, amma nauyi da gogayya da iska sukan cinye wannan ɗan sauƙi.

Akwai kuma abin da ya fi mai muhimmanci. Maleji juyin taya yake ƙirgawa, bai san ka sauya ta ba. Da wancan ƙarin kashi 7, in allura ta nuna 100, gudunka na gaskiya ya kai kusan 107, wato ka wuce kilomita 100 a awa da dokar hanya ta yarje wa ƙananan motoci a babbar hanya. Ga shi kuma birkin da aka yi don ƙaramar taya shi zai tsayar da babba. A ranar kasuwar Shuwarin, da mutane da dabbobi da babura ke tsallaka titi, tazarar taku biyu tana iya zama tsakanin rai da mutuwa.

To, ba wanda babbar taya ta dace da shi ke nan? Akwai. Sunan jiharmu ma daga jigawa ya samo asali, ƙasa mai rairayi. Wanda ke shiga ƙauyukan Kiyawa ɗauko amfanin gona, ko ma'aikacin lafiya da ke bin hanyar burji da damina, taya mai haƙori kayan aiki ce a wurinsa. Kwana a cikin taɓo ya fi ƙarin lita biyu tsada. Sai dai ko shi, ba lallai ne ya ƙara girma ba. Tayar da aka yi don kwalta da daji, mai lambar AT, a daidai girman da kamfani ya rubuta, ta wadatar a mafi yawan hanyoyinmu. A cikin yashi kuma, rage iskar taya kaɗan ya fi ƙara girmanta amfani, in dai za a mayar da iskar da an hau kwalta. Tsofaffin Land Cruiser da suka yi shekaru suna ratsa Agadez da siririyar taya 7.50R16 suka yi suna.

Kada ka tsaya ga maganata, wayarka za ta raba gardama. Buɗe Google Maps ko wata manhajar GPS mai nuna gudu, ka ba na kusa da kai ya riƙe, ku kwatanta da maleji. Sannan ka cika tanki fal, ka rubuta lambar kilomita, ka yi zirga-zirgarka, ka sake cikawa a famfo ɗaya. Raba litocin da kilomitocin. Amma ka yi adalci: da babbar taya maleji yana rage ƙirga nisa, don haka sai ka ƙara masa wancan kaso kafin ka yanke hukunci. Mai son ƙarin bayani yana iya sayen ƙaramar na'urar OBD2 da ake sokawa a ƙarƙashin sitiyari, ta haɗu da waya ta Bluetooth.

Ga misali don ka ga yadda lissafin yake. A ce motarka tana shan lita 10 a kilomita 100, kana yin kilomita 1,500 a wata. Lita 150 ke nan. In sabuwar ƙafa ta ƙara kashi 10 cikin ɗari, lita 15 ce ta ƙaru. A naira 1,000, kana asarar 15,000 a wata, 180,000 a shekara. Kuɗin sabuwar waya ne, ban da kuɗin tayoyin kansu da na boris da shokabzoba da za su riƙa mutuwa da wuri.

Kafin ka kai mota wurin mai taya, buɗe ƙofar direba ka karanta takardar da ke manne a jikin ginshiƙi. Girman taya da yawan iskar da ta dace duk suna nan. Duba kuma lambobi huɗu na ƙarshe bayan DOT a jikin taya, musamman 'yar Kwatano: 2321 na nufin mako na 23 a 2021. Sannan ka tambayi kanka sau nawa ka bar kwalta a watan jiya. In amsar ba ta wuce ɗaya ko biyu ba, bar ƙafar motarka yadda take. Hausawa sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai. A nan kuwa girin-girin ɗin ne ma ke shanye man.