Sai An Gwada Akan San Na Ƙwarai: Manhajojinmu Da Baƙaƙen Hausa

Kwanakin baya wata ɗalibata a nan Sakkwato ta kwana uku tana safa da marwa a wani shagon intanet domin yin rajista, amma duk lokacin da aka shigar da sunanta sai shafin ya tsaya cik. Laifinta kawai alhamzar da ke tsakiyar sunan. Da aka cire ta shafin ya karɓa, sai ga shi sunan ya saɓa wa na takardunta na makaranta.

Mai karatu, wannan sakacin magina manhaja ne. A harshen da rumbun bayanai ke ji, alamar da muke rubuta alhamza da ita tana nufin ƙarshen zance, don haka manhajar da ba a yi wa shiri ba sai ta ɗauka an yanke magana a tsakiya.

Alhali maganin ya daɗe. A 1988 Farfesa Barton Miller na Jami'ar Wisconsin a Amurka ya sa ɗalibansa su riƙa ɗura wa manhajoji baƙaƙe barkatai marasa ma'ana, a ga wadda za ta jure. Rahoton da suka fitar a 1990 ya nuna kashi 25 zuwa 33 cikin ɗari na manhajojin UNIX da aka gwada sun durƙushe. Ko manyan kamfanoni ba su tsira ba, domin a 2018 harafi guda na rubutun Telugu na Indiya ya riƙa sumar da wayoyin iPhone.

Inda gizo ke saƙar shi ne, gwajin ba ya tono sai abin da aka zuba masa. Idan baƙaƙen Turanci 26 kawai aka cakuɗa, ina za a ci karo da ɓ, ɗ, ƙ, ko ƴ ta 'yan'uwanmu na Nijar, balle Ajamin da ake rubutawa daga dama?

Saboda haka nake kira ga hukumomi da bankuna da jami'o'i da kada su karɓi manhaja daga ɗan kwangila sai ya gwada ta da baƙaƙenmu. Mu kuma masana harshe, haƙƙinmu ne mu tanadar musu jerin baƙaƙen da sunayen. Matuƙar ba a yi haka ba, talaka ne zai ci gaba da biyan kuɗin rantsuwa a kotu domin gyaran sunan da bai ɓata ba.

Allah Ya sa mu gyara.