Raddi ga Mai Cewa a Bar wa Soja Yaran Kan Iyaka

Wata magana ta daɗe tana yawo a fadodin Dogondutsi da Tibiri, ga shi yanzu wani ɗan bokonmu mai sharhi ya ɗaure mata gindi a rubuce. Abin da yake cewa shi ne: matasan da ake zargi da kai wa Lakurawa da 'yan bindiga fetur ko burodi ko labari a kan iyakarmu da Kabi da Sakkwato, kada a ɓata lokacin kai su gaban alƙali. Soja ya riƙe su a bariki har su buɗe baki, tunda sun balaga. Ya kuma ja kunne kada kowa ya kawo masa zancen yaran Falasɗinu, wai can mamaya ce, nan kuwa sojan namu ne.

Na san abin da ya tunzura shi. A watan Yuni na 2024 an kashe sojoji shida masu gadin bututun man Agadem a yankin Tibiri, kuma manomi a kan iyaka ba ya barci da ido biyu. Fushin halal ne. Shawarar ce ta ruɓe, kuma ta fi ruɓa a inda ya fi dogara da ita.

"Har su buɗe baki." Malam, su buɗe baki su ce me? Yaro ɗan shekara goma sha biyar da aka ɗauko cikin dare, aka rufe masa ido, bai ga uwa ba bai ga lauya ba, zai faɗi duk abin da zai sa a daina. Zai ambaci sunan maƙwabcinsa, da na mai shagon da ya hana shi bashi. Wannan ba hasashena ba ne. Asusun UNICEF ya fitar da rahoto a 2013 a kan yaran Falasɗinu da ke hannun sojan Isra'ila, kimanin 700 a kowace shekara, masu shekara 12 zuwa 17. Rahoton ya ce cin zarafinsu ya zama ruwan dare kuma tsararre: kamu da tsakar dare, ɗaurin hannu, tambayoyi ba lauya, sannan a miƙa wa yaro takardar amsa laifi da yaren Ibrananci, wanda bai iya karantawa ba, ya sa hannu. Da irin waɗannan takardu ake shari'a a kotunan soja na Ofer da Salem. Alƙaluman kotunan kansu na 2010 sun nuna fiye da kashi 99 cikin ɗari na shari'o'in sun ƙare da samun laifi. Kotun da kusan ba ta taɓa wanke kowa ba ta daina bincike, hatimi kawai take bugawa. Shekara nawa ana haka a Gaɓar Yamma? Jifan dutsen da ake kama yaran a kansa ya tsaya?

In Malam ya ce Falasɗinu ta yi nisa, to mu zo Maiduguri. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙidaya yara fiye da 3,600 da sojan Najeriya suka tsare tsakanin Janairun 2013 da Maris na 2019 bisa zargin alaƙa da Boko Haram, 1,617 daga cikinsu mata, akasari a barikin Giwa. Ƙungiyar Human Rights Watch ta bi sawunsu a 2019, ta tarar da yaran da suka yi watanni, wasu shekaru, cikin cunkoso ba a gaya wa iyayensu inda suke ba. Waɗanda aka sako, kusan dukkansu ba a tuhume su da komai ba. Ina labarin sirrin da aka tatsa? Da akwai hujja da an kai su kotu. Abin da aka samu shi ne dubban matasa da suka koma gida da tabon da ɗan ta'adda ya san yadda zai sosa shi. Najeriyar da kanta ta sa hannu a Satumban 2022 kan yarjejeniyar miƙa irin waɗannan yara ga hukumomin farar hula. Wanda ya gwada hanyar ya janye, Malam kuma yana kiran mu mu shiga.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne mai wannan magana Malikiyya yake bi kamar mu duka. Ya manta dalilin da ya sa aka yi wa Imamu Malik bulala a Madina, zamanin halifa Mansur, har kafaɗarsa ta goce? Saboda fatawarsa ce cewa sakin wanda aka tilasta ba ya aukuwa. Limamin da ya sha duka don ya ƙi yarda da furucin dole a bakin magidanci, shi ne za a ce mabiyansa sun karɓe shi daga bakin yaro a ɗakin soja? Haba.

Zancen balaga kuwa, an ɗora shi inda ba gurbinsa ba. Balaga tana wajabta wa mutum salla da azumi, tana sa a yi masa hisabi. Ba ta ɗauke masa haƙƙin alƙali da shaida da hujja, waɗanda ko dattijo mai furfura yake da su. A mashhurin mazhabarmu ma, in alamomi ba su bayyana ba sai an cika sha takwas. Dokar Nijar ta ware alƙalin yara, ta ce wanda bai kai sha uku ba ba a ɗora masa laifi. Ƙasarmu ta amince da yarjejeniyar haƙƙin yara ta duniya tun 1990, wadda sashenta na 37 ya ce tsare yaro shi ne matakin ƙarshe, na mafi ƙarancin lokaci. Bayan abin da ya sami yaran Difa da aka kwaso zuwa gidajen kason Yamai, gwamnati ta ƙulla yarjejeniya da Majalisar Ɗinkin Duniya a Fabrairun 2017 cewa za a riƙa miƙa su ga ma'aikatan kare yara. Malam bai ambaci ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Sai batun "can mamaya ce". Gaskiya ne, kuma zaluncin can ya fi muni: ɗan Bayahude mazaunin matsugunai da ɗan Bafalasɗine a tudu ɗaya, na farko kotun farar hula, na biyu kotun soja a ƙarƙashin Umarni na 1651, inda jifan dutse kan iya jawo shekara goma, har ashirin in mota ce mai tafiya. Ahed Tamimi ta Nabi Saleh tana da shekara 16 ta mari soja a Disamban 2017, aka yanke mata wata takwas. Amma tsarewa ba tuhuma da sojan Isra'ila suke yi, wata shida-shida ana sabuntawa, gadon dokokin ta-ɓaci ne na Turawan Ingila na 1945. Mu Arawa mun san ɗan'uwansa. Kumandan na Faransa yana jefa kakanninmu kaso har kwana goma sha biyar ba alƙali, sai a 1946 aka soke wannan doka. Wanda zai dawo mana da ita don kawai mai kakin yana jin Hausa bai san tarihin garinsu ba. Su wa suka tsare yaran Kano da Kaduna wata uku bayan zanga-zangar Agustan 2024, har wasunsu suka zube a kotun tarayya ta Abuja ranar 1 ga Nuwamba, sai da shugaban Najeriya Tinubu ya ce a sake su? Hukumar ƙasarsu ce, kuma 'yan sanda ma, ba a kai ga bariki ba.

Ya ce alƙalai suna da jan ƙafa. To a ƙara alƙalai, a ba jandarma kayan bincike.

Ya rufe da ɗora laifin a kan iyaye. Iyayen da yake nufi su ne waɗanda aka kore wa shanu, aka karɓe wa zakka da bakin bindiga. In ɗansu ya yi laifi a kira su, a yi shari'ar a gabansu.