Daga Gaban Alƙali Zuwa Zauren Majalisa

Mohammed Tahir Monguno ya riƙe muƙamin Babban Lauyan Jihar Borno, kujerar da sashe na 211 na kundin tsarin mulki ya ba ikon gurfanar da mai laifi, ko janye tuhuma. Ya daɗe a Majalisar Wakilai, ya shiga ta Dattawa a 2023, a 2024 kuma ya zama bulaliyarta. Kaka Shehu Lawan ma daga wannan kujera ya zama sanatan Borno ta Tsakiya.

Ya kamata masu zaɓe su duba wannan misali. Wanda ya riƙe kujerar Babban Lauya ya san inda takardun ƙara ke maƙalewa tsakanin 'yan sanda da ma'aikatar shari'a, har talaka ya shekara a tsare bai san makomarsa ba. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta sa wa tsarewa wa'adi, amma masu jiran shari'a su ne mafi yawa a gidajen yari.

Sai dai gwamna ne ke naɗa Babban Lauya. Don haka kafin a ba irinsa ƙuri'a, a tambaye shi tuhumar wa ya janye, kuma don me.