Gadon ƙwallon kwandon Zariya da makomar makarantun Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

Tun daren 11 ga Disamban 2020, da ’yan bindiga suka kutsa Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara suka kwashe ɗalibai sama da 300, kusan duk maganar da ake yi kan makarantun wannan yanki na Jihar Katsina ba ta wuce ta katanga da jami’an tsaro ba. An sako yaran bayan kwana shida, amma fargabar ba ta bar zukatan iyaye ba. A watan Nuwamban 2025, bayan sace ɗalibai a Maga ta Jihar Kebbi da Papiri ta Jihar Neja, gwamnatin Katsina ta sake ba da umarnin rufe makarantunta na wani lokaci.

Ba wanda zai ga laifin mahaifin da ke Ruwan Godiya, a Ƙaramar Hukumar Faskari, idan ya sa tsaron ɗansa gaba da komai. Sai dai akwai tambayar da ba a cika yi ba: idan an buɗe ƙofar makaranta, mene ne zai riƙe yaro mai shekara 15 a cikinta, bayan ya yi watanni yana ganin rayuwa na tafiya ba tare da ita ba? Wani ɓangare na amsar yana cikin tarihin ƙwallon kwando a Zariya, garin da ba shi da nisa da Funtuwa, inda fili da mai horarwa guda suka bar gadon da ake cin moriyarsa har yau.

Abin da Zariya ta shuka

A makaranta aka haifi ƙwallon kwando. Wani malamin motsa jiki mai suna James Naismith ne ya ƙirƙiro shi a 1891 a garin Springfield na Amurka, don ya sama wa ɗalibansa abin yi a lokacin hunturu, sa’ad da sanyi ya hana su fita waje. Matsalar da ya so magancewa ita ce ta samari masu ƙarfi a jika da ba su da inda za su sauke shi.

A Arewacin Najeriya, wasan ya yi saiwa sosai a Samaru, a filayen Jami’ar Ahmadu Bello. Wani Ba’amurke mai suna Oliver Johnson ya shafe shekaru masu yawa yana horar da ’yan wasa a can, kuma bai tsaya ga ɗaliban jami’a ba. Yaran firamare da na sakandare da ke kewaye kan je filin da yamma su koya. Cikinsu akwai Masai Ujiri, wanda aka haifa a Ingila a 1970 ya tashi a Zariya, ya fara wasan yana kimanin shekara 13.

Ujiri bai zama tauraro a fili ba. Ya yi karatu da wasa a wata ƙaramar kwaleji a Amurka, ya ɗan buga a Turai, sannan ya shiga aikin zaƙulo wa ƙungiyoyi matasan ’yan wasa, da farko ba ko albashi. A 2010 ya zama babban manajan ƙungiyar Denver Nuggets, a 2013 aka zaɓe shi gwarzon shugabannin ƙungiyoyin gasar NBA, a 2019 kuma ƙungiyar Toronto Raptors da yake jagoranta ta ɗauki kofin gasar karon farko a tarihinta. Tun a 2003 ya kafa gidauniyar Giants of Africa, wadda ta fara da sansanonin horar da yara a Najeriya, daga baya ta yi alƙawarin gina filaye 100 a faɗin nahiyar.

Darasin da ke cikin wannan tarihi a fili yake. Abin da Zariya ta ba Ujiri bai wuce wurin zuwa kowace yamma da babban mutum mai lura da shi ba. Da ya samu hali kuma, ya dawo ya saka wa yaran wasu da irin abin da aka yi masa.

Haka labarin Hakeem Olajuwon yake. A makarantar Muslim Teachers College ta Legas ya fara ƙwallon kwando yana kimanin shekara 15, bayan ya saba da tsaron gida a ƙwallon ƙafa da kuma wasan ƙwallon hannu. Ya tafi Jami’ar Houston a 1980, ya ɗauki kofin NBA da ƙungiyar Houston Rockets a 1994 da 1995, kuma an san shi da buga wasa da azumi a baki a watan Ramadan. Da makarantarsa ba ta da ƙungiyar wasa, da wuya duniya ta ji sunansa.

Katsina ba baƙuwar wannan al’ada ba ce

Kwalejin Katsina, wadda aka kafa a 1921 ta koma Kaduna sannan ta zauna a Zariya da sunan Barewa, ta ɗauki wasanni a matsayin wani sashe na tarbiyya. A can Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello, ya ƙware a wasan fayif, wanda ake buga ƙaramar ƙwallo da tafin hannu a jikin bango, bai kuma daina buga shi ba har yana Firimiyan Arewa. Tsofaffin ɗaliban kwalejin ne suka yaɗa wasan a garuruwan da aka tura su aiki, shi ya sa har yanzu ake buga shi a Katsina da Sakkwato. Wasan da aka koya a makaranta ya rayu kusan shekara 100 saboda waɗanda suka koye shi sun riƙe shi.

Duk wanda ya yi makarantar kwana a Arewa kafin tsaro ya taɓarɓare ya san yadda yammacin ɗalibi yake. Bayan la’asar kowa na fili, kowane gidan kwana na da tawagarsa, kuma sau ɗaya a shekara ana gasar gidaje da iyayen gari ke halarta. Wannan sa’a ta yamma ce farkon abin da rashin tsaro ya cinye. Inda makaranta ta koma jeka-ka-dawo, malami na sauri ya kama hanya kafin rana ta faɗi, ɗalibi kuma ya koma gida da dogon yini a gabansa. A ƙananan hukumomin da ke iyaka da dazukan Zamfara da Birnin Gwari, an san masu jiran irin wannan yaro: dillalan ƙwaya da masu neman ’yan leƙen asiri. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Me ya sa ƙwallon kwando?

Ƙwallon ƙafa ya fi farin jini, kuma ba mai cewa a bar shi. Amma filinsa na ƙa’ida ya kai mita 105 a tsawo da 68 a faɗi, don haka sau da yawa yakan kasance a bayan makaranta, wajen katanga, gefen gonaki. Filin ƙwallon kwando mita 28 ne da 15, yana shiga tsakiyar ajujuwa inda idon malami da na mai gadi ke kai wa. Akwai ma nau’in mutum uku-uku da ake bugawa a rabin fili da kwando ɗaya, wanda ya shiga wasannin Olamfik tun gasar Tokyo. Daɓen siminti da turken ƙarfe mai kwando a tsayin mita 3.05 aiki ne da magina da masu walda na Faskari ko Sabuwa za su iya yi. Damina ba ta mayar da filin taɓo, rani kuma ba ya mayar da shi ƙura.

Akwai kuma tsani da aka riga aka kafa. Tun 1999 kamfanin Nestlé ke ɗaukar nauyin gasar Milo ta makarantun sakandare tare da hukumar wasannin makarantu ta ƙasa. Ana farawa daga jiha, a je shiyya, a kammala a Legas. Makarantu irin su Father O’Connell Science College ta Minna da St. Jude’s ta ’yan mata da ke Bayelsa sun yi suna a gasar. Ba a manyan biranen kasuwanci suke ba. Abin da ya ɗaga su shi ne masu horarwa da suka daɗe a wuri ɗaya da shugabannin makaranta da suka ba wasan lokaci.

Batun ’ya’ya mata ma ya yi sauƙi fiye da da. A 2014 tawagar matan Qatar ta janye daga wasannin Asiya saboda an hana su sa hijabi. A 2017 hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, ta sauya dokar ta amince da rufe kai. Yarinya a makarantar mata zalla za ta iya wasa cikin suturarta, a cikin katanga, ƙarƙashin kulawar malama.

Inda ya kamata a yi hattara

Kuskure ne a sayar wa iyaye mafarkin Amurka. Ƙungiyoyi 30 ne kawai a NBA, kuma sababbin ’yan wasan da suke zaɓa a shekara daga duk duniya ba su wuce 60 ba. Akwai kuma ’yan damfara da ke karɓar kuɗin iyaye da sunan sama wa yaro gurbin karatu a waje. Ribar da za a iya dogara da ita ta fi wannan kusa: yaron da ke cikin tawaga yana da dalilin zuwa makaranta kullum, yana da mai tambayar inda ya shiga idan bai zo ba, yana kuma koyon bin doka da haƙurin shan kaye.

Nasarorin tawagogin ƙasa ma kada su ruɗe mu. D’Tigers sun ɗauki kofin Afirka a 2015, sun doke Amurka da ci 90 da 87 a wasan sada zumunci a 2021. D’Tigress sun ɗauki kofin Afirka sau biyar a jere daga 2017 zuwa 2025, sun kuma kai zagayen ’yan takwas a Olamfik na Faris a 2024, abin da wata tawagar Afirka ba ta taɓa yi ba. Amma akasarin waɗannan ’yan wasa a makarantun ƙasashen waje suka koyi wasan. A gida kuwa, rikicin shugabanci ya raba hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa gida biyu tun 2017, ya gurgunta gasar cikin gida, har a 2022 gwamnatin tarayya ta sanar da janye Najeriya daga wasannin duniya. Kafin ta janye matakin, D’Tigress sun rasa gurbinsu a gasar cin kofin duniya, aka ba Mali. Wanda zai jira Abuja ta kawo fili Ruwan Godiya zai daɗe yana jira.

Abu mafi girma shi ne, fili ba ya maye gurbin tsaro. Rundunar tsaron al’umma da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar a 2023 da zaman sulhun da aka yi a wasu ƙananan hukumomi a 2025, har da Faskari, ba su kawar da fargabar iyaye gaba ɗaya ba. Duk shirin wasa a yankin dole ya kasance da rana, a cikin katanga, a tashi da wuri, kuma kada a ɗauki yara a mota zuwa gasa a hanyar da jami’an tsaro ba su amince da ita ba.

Nauyin da ke kan tsofaffin ɗalibai

Makarantun Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa sun yaye mutanen da yau suke ’yan kasuwa a Funtuwa da Dawanau da Kantin Kwari, wasu kuma ma’aikata ne a sakatariyar Katsina da Abuja. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai kan haɗu bayan sallah, a ci a sha, a tara kuɗin fentin ƙofa ko rabon littattafan rubutu. Wannan alheri ne, amma yakan ƙare cikin zango ɗaya.

Tarihin Zariya ya nuna cewa mutum ya fi siminti muhimmanci. Filin da ba mai horarwa, nan da nan zai koma wurin shanyar masara. Kwalejojin ilimi na yaye malaman motsa jiki kowace shekara, matsalar ita ce baƙon da aka tura ƙauyen da ke fama da hare-hare yakan nemi sauyin wurin aiki tun bai kwance jaka ba. Hanyar da ta fi dacewa ita ce ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta zaɓi ɗan gari, malami ko matashin da ya gama karatu, ta biya masa kuɗin horo a Zariya ko Kano, ta kuma yanka masa alawus na wata-wata na aƙalla shekara uku, bisa yarjejeniya a rubuce da shugaban makaranta. A gindaya sharaɗi ɗaya: ɗalibin da ba ya zuwa aji ba ya shiga tawaga.

Ma’aikatar ilimi ta jiha na da nata rabon. Ta mayar da sa’ar wasanni cikin jadawalin makarantun jeka-ka-dawo, ta tabbatar makarantun waɗannan ƙananan hukumomi na samun gurbi a zagayen jiha na gasar Milo, ta kuma riƙa wallafa adadin ɗaliban da suka koma aji bayan kowace rufewa, domin a san ko ana ci gaba ko ana baya.

Yaran da aka kwashe a Ƙanƙara a 2020 yanzu samari ne, wasunsu sun haura shekara 20. Su ma tsofaffin ɗalibai ne, kuma abin da za su gaya wa ƙannensu game da makaranta zai yi tasiri a kan ko ƙannen za su zauna a aji. Alhakin manyan da suka riga su fita daga waɗannan makarantu ne su tabbatar cewa masu tasowa sun samu abin tunawa da makaranta wanda ya wuce daren harbe-harbe.