SHARHI: Hasken da ke tona asirin cutar cin nama

Akwai wata cutar bakteriya da ke bi ta ƙarƙashin fata tana ruɓar da nama cikin sa'o'i kaɗan. A farkonta ba ta da bambanci da kumburin fata na yau da kullum: wurin ya yi ja, ya yi zafi, jiki ya ɗauki zazzaɓi. Kumburi na warkewa da magani, ita kuwa sai an yi tiyata an yanke ruɓaɓɓen naman. Idan likita ya yi jinkiri, majinyaci na iya rasa ƙafa ko ransa. Idan ya yi gaggawa, yana iya yanka wanda bai buƙaci wuƙa ba.

Wannan ruɗani ne masu bincike a Jami'ar Dartmouth ta Amurka ke neman warwarewa da wani rini mai suna ICG, wanda hukumar magunguna ta ƙasar ta amince da shi tun 1959. Ana zuba rinin a jijiya, ya bi jini, sannan a haska wurin da wata kyamara ta musamman. Inda jini ke gudu, nama kan yi haske. Cutar cin nama kuwa tana toshe ƙananan jijiyoyi da gudan jini, don haka wurin da ta kama sai ya fito da duhu.

Amfanin gwaji a kan ɓeraye shi ne ana sanin ƙwayar da aka sa musu da lokacin da aka sa ta, sai a bi yaɗuwar duhun sa'a bayan sa'a. Amma ɓeran gwaji ba shi da ciwon suga ko tamowa, kuma fatarsa ba ta kai ta mutum kauri ba.

A nan ne batun ya shafe mu. Noma, cutar da ke cinye fuskokin yara masu tamowa, ita ma ruɓar nama ce. Sakkwato na da asibiti na musamman dominta, kuma Najeriya ce ta jagoranci fafutukar da ta sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka ta cikin cututtukan da aka yi wa sakaci a Disambar 2023. Kyamara za ta iya rage wa likita shakka, amma yaron da ya kwana goma a ƙauye kafin a kai shi asibiti ya riga ya yi asarar naman. Wannan jinkirin, kasafin lafiya na jihohi ne zai magance shi.